Tafiyar Sannu: Ta Saye da Ta Dole

Gabatarwa

Bayan girbin bara, wani tsohon ɗalibina da na koyar a Belbeji shekaru da dama da suka wuce ya zo ganin gida daga Faransa. Aikinsa can shi ne taimakon mai dafa abinci a cikin wani jirgin ruwa. Da muka gama gaisawa da tambayar bayan rabuwa, sai ya zaro wata takardar talla mai sheƙi daga jakarsa ya ce: "Mushe, ga wurin aikina, na san za ka yi dariya." A jikin takardar akwai hoton wani dogon jirgi siriri bisa ruwa mai kwanciya kamar mai a kasko, itatuwa sun yi masa rumfa hagu da dama, can baya kuma gonakin inabi sun hau tudu layi-layi. Ya bayyana mini cewa tsohon jirgin dako ne aka gyara, aka mayar da shi masaukin alfarma. Baƙi takwas yake ɗauka, ma'aikata biyar ke yi musu hidima. Cikin kwana shida ba ya cin nisan da ya wuce wanda mota ke ci cikin awa guda, kuma kowane baƙo yakan biya Yuro 5,000 ko fiye, wato sama da miliyan 3 na kuɗin sefa. Na ce masa: "To, ɗana, me suke saye da wannan dukiya?" Ya ce: "Sannu suke saye, Mushe. Abin da aka rubuta a takardar ke nan."

Na yi dariyar kuwa, domin a makon nan na dawo daga ta'aziyya a wani ƙauyen Tarka, motar kasuwar da ta ɗauko mu ta kafe cikin rairayi, muka yini muna haƙa da turi, daga bisani muka kwana a daji. Ni ma na sha tafiyar sannu, har da kwana ƙarƙashin taurari, ba kuma wanda ya nemi miliyan 3 a hannuna. Amma bayan yaron ya tafi, dariyar ta koma tunani. In sannu alheri ce, don me muke kuka da tamu? In kuwa wahala ce, don me masu hankali da dukiya ke zuba kuɗi su same ta? Ba hukuncin giya na zo tattaunawa ba, wannan sananne ne wajen mai karatu. Abin da nake so mu duba shi ne matsayin sannu ita kanta: yaushe take zama abin yabo, yaushe kuma take zama zalunci da aka shafa wa turare.

Gulbin da hannu ya haƙa

Hanyoyin ruwan da waɗannan jirage ke bi mutane ne suka haƙa su da hannu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Canal du Midi, a kudancin Faransa, wanda aka fara haƙa a 1666 aka buɗe a 1681. Tsawonsa kimanin kilomita 240 ne, daga birnin Tuluz zuwa gaɓar Bahar Rum. Mutumin da ya jagoranci aikin, Pierre-Paul Riquet, mai karɓar harajin gishiri ne na lardin, ya kuma zuba dukiyarsa a ciki har ya mutu da bashi a 1680, watanni kaɗan kafin a buɗe. Akwai lokacin da ma'aikatan suka kai 12,000, cikinsu har da mata masu yawa, suna kwasar ƙasa da kwanduna. Wanda ɗalibina ke aiki a kansa kuwa shi ne na lardin Burgonyi, ƙasar inabi, wanda aka fara a 1775 aka kammala a 1832. Tsawonsa kilomita 242, yana da matakalar ruwa 189. Matakalar ruwa wani ɗaki ne marar rufi mai ƙyaure gaba da baya: jirgi ya shiga a rufe, a cika ɗakin da ruwa ko a rage, jirgi ya hau ko ya sauka, sa'an nan a buɗe masa ya wuce. Da haka jirgi ke hawan tudu.

Abin lura na farko shi ne, ba wanda ya haƙa waɗannan gulabe don a yi tafiyar sannu. Don sauri aka haƙa su. Kafin Canal du Midi, kayan da za su tashi daga gaɓar yammacin Faransa zuwa Bahar Rum sai sun kewaye ƙasar Sifen kaf, ko kuwa a loda su a keken doki bisa munanan hanyoyi. Jirgin fasinja na wancan zamani yakan ratsa gulbin cikin kwana huɗu, mutane na ganin abin al'ajabi ne. Dawaki ke jan jiragen da igiya daga bakin ruwa, a wasu gulaben kuma mutane ne, maza da mata, suke ɗaura igiyar a ƙirji suna ja, yini guda, don hatsi da katako da gangunan giya su isa kasuwa. Da jirgin ƙasa ya iso yankin a 1857, sai saurin ya ƙaura daga ruwa ya koma bisa ƙarfe. Dako ya yi ta raguwa har ya ƙare a Canal du Midi wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma a 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Turbar da masu jan igiya suka taka da ƙafafunsu ita ce yau baƙi ke yawo da keke a kanta bayan kalaci.

Ke nan sannun da ake sayarwa ragowar wani tsohon sauri ce. Sai da larura ta fita daga cikinta, sai da aka daina jin nishin mai ja, sa'an nan ta yi kyan da za a sa ta a takardar talla.

Kwarin da ba ruwa

Mu a Tarka ba mu da gulbi mai gudu. Kwarin Tarka tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba mai iya tunawa, ya tashi daga Damargu ya bi ta ƙasar Dakwaro da ta Madawa ya nufi Najeriya, ba abin da ke kwanciya a cikinsa sai tabkunan damana. Amma irin wancan labari ya faru a nan, sai dai a bisa raƙumi.

Damargu rumbun Abzin ce tun kaka da kakanni. In kaka ta yi, wajen watan Oktoba, Abzinawa kan ɗaura wa raƙumansu gero su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su musanya shi da kantun gishiri da beza da dabino, su koma gida su ɗan huta, sa'an nan su gangaro Damargu da Damagaram har Kano. Raƙuma su ci karan gonakinmu su bar mana taki, masu su kuma su sayi geron baɗi. A cikin Tenere ana tafiya tun asuba har dare ya yi nisa ba a sauke kaya, domin ruwan salka da ciyawar da aka ɗauro a ƙidaye suke. Furar gero da cuku da dabino ma a tafe ake shan ta. Madugu ba ya jan ayari a hankali don sha'awa. Iyakar saurin da raƙumi mai kaya zai iya ke nan, kuma kowane yinin da ya ƙaru a hanya yana iya zama ajalin wani.

Da irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Damargu a watan Janairu na 1851. A Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, bayan ƴan kwanaki kuma ya rabu da ɗaya abokin, Overweg, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairu. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su, kuma ba don amfaninmu ba. Duk da haka akwai abin da ya bambanta tafiyarsa da ta mai yawon buɗe ido: rayuwarsa tana hannun mutanen ayarin. Dole ta sa ya koyi Hausa, ya riƙe sunayen ƙauyuka da rijiyoyi, ya san farashin hatsi, domin wanda yake bukatar mutane ba ya iya kallonsu kamar itatuwan bakin hanya.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin da ke ratsa hamada daga Tarabulus ya durƙushe, kamar yadda ya faru ga gulaben Faransa. Ayarin gishiri ya jure, domin bukatar gero da gishiri ba ta gushe ba, amma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe raƙuma masu yawa, manyan motoci kuma suka karɓe kaso mai tsoka na dakon. A daidai wannan lokaci ne Turawa suka fara biyan kuɗi don su hau raƙumi mako guda a Abzin, su kwana bisa rairayi, su saurari shirun Tenere. Agadas ta cika da kamfanonin yawon buɗe ido, wanda ya fi suna a cikin masu su shi ne Mano Dayak, da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995. Jirage na tasowa kai tsaye daga Faransa. Tawayen 2007 da satar ma'aikata a Arlit a 2010 suka tsinke wannan kasuwa. Saboda haka abin da ke cikin takardar ɗalibina ba baƙonmu ba ne: an taɓa sayar da sannunmu, da hannunmu kuma muka auna ta.

Sannu da jinkiri

Hausa ta raba abu biyu da takardar talla ta haɗa. Akwai sannu, akwai jinkiri. Mukan ce sannu ba ta hana zuwa, mukan ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, duk yabo ne. Jinkiri kuwa shi ne abin da ya kamata ya zo bai zo ba, ko ya zo bayan amfaninsa ya wuce. A ido duk ɗaya suke, domin agogo bai san bambancinsu ba: jirgin alfarma da amalanken jaki kusan gudunsu guda. Bambancin yana wajen wanda ke riƙe da akalar lokacin.

Baƙon jirgin nan a jirgin sama ya zo daga Amurka ko Ingila, jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya kawo shi daga Paris zuwa Dijon cikin ƙasa da awa biyu. Wayarsa na aljihu, in ciwo ya kama shi motar asibiti za ta tsaya a bakin ruwa kafin shayinsa ya huce. Sannunsa tana zaune a tsakiyar sauri kamar tsibiri, ko yaushe ya ga dama sai ya fita. Yanzu mai karatu ya tuna da macen da naƙuda ta yi wa tsanani cikin dare a wani ƙauyen arewacin Tarka, aka shimfiɗa ta a amalanke aka nufi asibiti. Ita ma tana ganin taurari, ita ma tana jin shirun daji. Ya kuma tuna da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance, waɗanda motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Ta hanyar nan tamu ta Tanut zuwa Agadas irin waɗannan matafiya ke wucewa. Hamadar da aka sayar wa wasu a matsayin wurin hutun zuciya ita ce ta zama musu kabari.

Wani masanin Amurka, Thorstein Veblen, ya yi bayani tun 1899 cewa masu dukiya kan nuna fifikonsu ta hanyar ɓata lokaci a bainar jama'a, don a san ba su cikin masu neman na yau. A zamanin da kowa ke tafiya da ƙafa, mai doki shi ne babba. Da sauri ya zama na kowa a ƙasashensu, har ya zama bulala a bayan ma'aikaci, sai alfarma ta juya ta koma wajen wanda ya isa ya ce ba ya gaggawa. Wannan bayani yana da gaskiya, amma bai ƙare zancen ba, domin ba duk mai neman sannu ke neman a gan shi ba. Akwai wanda gudu ya gajiyar da shi da gaske. Abin da za mu riƙe a nan shi ne sharaɗi na farko: sannu ba ta zama alheri sai ga wanda yake da ikon barin ta. In babu wannan iko, sunanta jinkiri, ko da an yi mata kirari.

Wa ke jan igiya?

Zaɓi kaɗai bai isa ba. Ɗalibina ya gaya mini yakan tashi tun kafin gari ya waye ya hau keke ya sayo burodi mai zafi, ba ya kuma kwanciya sai baƙo na ƙarshe ya bar tebur. Wato don mutum takwas su zauna ba gaggawa, mutum biyar suna gudu daga safe har dare. An cire igiyar daga ƙirjin mai ja, amma ba a jefar da ita ba, an shigar da ita ɗakin girki ne inda ba ta fitowa a hoto. Haka gonakin inabin da ake kallo daga bisa jirgi: in lokacin tsinka ya yi, a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, dubban ƴan ci-rani ke duƙawa a cikinsu. A kakar 2023, a lardin Shampanyi, wasu masu tsinka sun mutu cikin tsananin zafi, aka kuma gano ma'aikata fiye da hamsin, akasarinsu ƴan Afirka ta Yamma, an cusa su cikin wani ƙazamin gini. A 2025 kotu ta ɗaure waɗanda suka ɗauke su aikin bisa laifin safarar mutane.

Ko ruwan ma yana da lissafi. Duk lokacin da jirgi ya ratsa matakala guda, ana sakin abin da ya kai kimanin lita 500,000, wato jarka 25,000 mai cin lita 20. Ruwan ba ɓacewa yake ba, gangarawa yake, amma mutumin Damargu ba zai ji wannan adadi bai yi shiru ba. A tudun ƙasarmu akwai rijiyoyi masu zurfin gaba talatin ko arba'in, inda yaro ke jan raƙumi ko jakai su yi nisa da igiyar wasaki, a zube ruwan, ya komo, ya sake tafiya. In aka auna sawunsa daga hantsi zuwa la'asar, zai yiwu ya fi jirgin alfarma cin nisa, alhali bai bar bakin rijiya ba. Matafiyin da ya tsaya ya ɗauki hotonsa yana ganin kyan haƙuri, shi kuwa yaron ranar makaranta ce ta wuce shi.

Kada kuma mu wanke kanmu. Ayarin da muke yi wa kirari shi ma yana da masu jan igiyarsa. Sau da yawa akalar amale tana hannun bawa ko bara da ke tafe a ƙasa, kuma cikin kayan da ayarin hamada ya ɗauka zuwa arewa har da ƴan Adam. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta laifin da ake hukunta mai yin sa. Duk wanda zai yi begen zamanin ayari, ya fara tambayar kansa a wane gefen akala kakansa yake.

A nan ne harshenmu ya ba mu ma'auni. Kalmar da muke kiran tafiya a hankali da ita, ita ce kalmar da muke gaida mai wahala da ita. Mukan ce sannu da aiki ga manomi, sannu da hanya ga matafiyi, sannu da jiki ga majinyaci. Mai gudu ba ya iya wannan gaisuwa, ƙura kawai yake bar wa mutane. Amfanin rage gudu shi ne ido ya samu sararin ganin wahalar wani, baki ya samu sararin amsa ta. Wannan shi ne sharaɗi na biyu. Tafiyar da aka shirya ta yadda matafiyi zai ga inabi bai ga mai tsinka ba, ya ci burodi bai san wanda ya sayo ba, ta ɗauki jikin sannu ta bar ranta. A zangon ayari, duk da aibobinsa, baƙo da mai masauki suna da haƙƙi a kan juna, sun san sunan juna, wani lokaci amanar takan wuce daga uba zuwa ɗa. Kuɗin jirgin alfarma kuwa wani ɓangarensa na sayen ƴanci ne daga irin wannan haƙƙi.

Abin da za a iya cewa a kare su

Adalci ne a saurari ɗaya gefen. Wani zai ce: hutu ba laifi ba ne, rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Gaskiya ne, kuma a Faransa ma'aikata ne suka yi gwagwarmaya har aka ba su hutun mako biyu da albashi a 1936, ya kai mako biyar a 1982. Mai hassadar hutun wani ba ya ƙara wa kansa ko minti guda. Wani kuma zai ce: ba don baƙin nan ba, da gulaben sun cike da laka, da ƙauyukan bakin ruwa sun mutu, da ɗalibinka bai gina wa mahaifiyarsa ɗaki ba. Wannan ma gaskiya ne, na ga ɗakin da idona. Mutanen Agadas sun fi kowa sanin haka, domin da baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora da maƙeran azurfa da direbobi ne suka rasa abinci, wasunsu suka koma dakon masu ƙaura zuwa Libiya.

Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba na cewa mai hawa jirgin mugu ne, ba na kuma cewa a rufe ƙofa. Amma samun aiki ba ya share tambayar yadda aikin yake, kamar yadda biyan sadaki ba ya share tambayar yadda ake riƙon aure. Darasin Agadas ma kaifi biyu gare shi: garin da ya jingina abincinsa ga sha'awar mai wucewa ya jingina ne ga raɓa, rana na fitowa sai ta bushe. Abin da nake musu da shi ɗaya ne, wato da'awar cewa sannu hali ne na ƙwarai da ake iya saye da kwana shida. Abin da kuɗi ke saye shi ne sarari. Ko sararin zai zama hutun jiki kawai, ko zai zama buɗewar ido ga mutane, wannan ya rage ga matafiyin, kuma ba a rubuta shi a takardar talla.

Abin da ya shafe mu

Ya ku ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, wannan zance yana da wutsiya biyu a gidanmu.

Ta farko tana cikin aji. Muna koya wa yara cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma daidai ne. Amma in ba mu koya musu bambancin sannu da jinkiri ba, za su girma suna kiran kowane sakaci da sunan haƙuri: hanyar da ba a gyara ba, famfon da ya lalace shekara biyu, littattafan da suka iso bayan jarrabawa. Baƙo kan zo ya ce mana mun yi sa'a, mu muna da lokaci su kuwa agogo kawai gare su. Magana ce mai daɗin ji, kuma da yawa daga cikinmu mun maimaita ta da alfahari. Sai dai wanda ya faɗe ta yana da tikitin komawa a aljihu. Neman hanya mai kyau da motar ɗaukar majinyaci ba cin amanar al'ada ba ne. Madugu da kansa, da ya ga hanyar da za ta rage masa kwana guda a Tenere, da ita zai bi.

Ta biyu tana cikin bukukuwanmu. Ko ba jima ko ba daɗe baƙi za su sake zuwa, ko daga Turai ko daga Yamai da Kano, domin mu ma muna da masu kuɗin da gudu ya gajiyar. Ƙungiyoyinmu ne za su shirya musu abin da za su gani. Muna iya jera raƙuma da ƴan mata masu ado mu karɓi kuɗin hoto. Muna kuma iya shirya tafiyar da baƙo zai sauka gidan mutum mai suna, ya san farashin da mai raƙumi ya karɓa, ya ja wasaki sau ɗaya da hannunsa, ya ji tarihin ayari har da ɓangarensa marar daɗi. Kafin baƙon ma, ɗalibanmu sun fi cancanta da wannan tafiya. Yara nawa ne a Tanut da Belbeji suka taɓa bin kwarin Tarka da ƙafa yini biyu tare da wani dattijo, yana nuna musu tsofaffin zanguna da burtalai, da sunan kowace ciyawa, da inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa da rigimar da ke biyo bayan ƙetare ta? Wannan sannu ce ta zaɓi, ba ta cin miliyan 3, kuma dattawan da suka san hanyar suna ƙarewa.

Kammalawa

Ranar da ɗalibina zai koma, na raka shi tasha. Muna jiran mota ta cika, na tambaye shi ko cikin baƙin da ya yi wa hidima akwai wanda ya taɓa leƙowa ɗakin girki. Ya yi tunani ya ce akwai, amma ba su da yawa. Ya ce wata tsohuwa ta taɓa shigowa daren ƙarshe, ta tambayi sunansa da garinsu, ta sa ya nuna mata Belbeji a taswirar wayarta, ta zauna tana tambayarsa yadda ake samun ruwa a can har mai dafa abinci ya fara tsaki. Na ce masa wannan ita kaɗai ta ci riba a kuɗinta. Ya yi murmushi ya ce: "Mushe, ai ita ma washegari ta tafi." Ban samu amsar da zan ba shi ba, domin gaskiya ya faɗa: gaisuwa ba ta rage masa awa ko guda a aiki ba. Abin da na sani shi ne daga irin wannan tambaya ake fara jin nauyin haƙƙi, kuma wanda bai tsaya ya tambaya ba ba zai taɓa jin sa ba. Motar ba ta tashi ba sai bayan azahar.